Barkonon Iya da Mutanen Laka

Abin ya faru ne a shekarar da rana ta yi husufi a farkon damina, shekarar da aka karɓe mana fam da sule aka ba mu naira. Ina tuna ranar sarai. Ina tsugune a gindin giyayya a bakin tapkinmu, gab da azahar, sai na ga haske ya yi laushi kamar an tace shi da mayafi. Inuwar ganye ta koma 'yan jinjirayen wata, birjik a kan yashi, suna motsi in iska ta taɓa reshe. Daga cikin gari ana ta kabbara. Kakata, uwar mahaifina, wadda muke kira Iya, ko ɗaga kai sama ba ta yi ba. Tapkin take kallo. Sau biyu kacal aka yi ruwa, abin da ya taru bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba.

"Maigidana," ta ce, don haka take kirana tun ina goye, "bana ruwan nan ba zai zauna da mu ba."

Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, ƙasa ce ta yashi, kuma tapkin nan shi ne kwari ɗaya da muke da shi. Giyayya ta kewaye shi, da gawo huɗu ta gabas. Gawo da damina yake zubar da ganye, don haka tun ruwan farko ganyen yakan sauka a hankali ya kwanta a ƙasan tapki, ganyen giyayya ya biyo baya, da karan bado, da busassun rassa. In an yi girbi ruwa ya fara ja, sai ya riƙa barin laka zobe bayan zobe. Wannan laka ita ce sana'ar gidanmu. Mukan ɗebe ta mu gauraya da yashi, mu yi fangali, mu yafa irin barkono, in ya kai tsawon ɗan yatsa mu cire mu dasa a lambu, saura masu lambu su zo su saya.

Barkonon ba irin na kasuwa ba ne. Gajere ne, mai lanƙwasa, zafinsa ba ya gaggawa, kuma in an jefa ɗaya a miyar kuka maƙwabta sukan sani. Ɗan tapki ake ce masa. Iya ta zo da shi cikin kayan aurenta, ita ma daga hannun uwarta. Tana ajiye irin a butocin duma guda biyu, da toka a ciki, an toshe bakin da tsumma. Ɗaya ta shuka ce. Ɗaya ta ajiya, ba a buɗe ta sai sabon iri ya bushe ya shigo gida.

Tun ina ƙarami take tafiya da ni duba laka da sassafe. Ba kowace laka take ɗiba ba. Takan tsuguna ta sa ɗan tsinke ta ɗaga ruɓaɓɓen ganye, ta leƙa ƙarƙashinsa kamar mai leƙa ɗakin da jariri ke barci. Abin da take nema funfuna ce iri-iri da ƙananan laimar kwaɗi, amma ita ba ta taɓa kiransu haka ba. Mutanen laka take ce musu. Ban san sunayensu na littafi ba har yau da nake koyon riƙe alƙalami da furfurata, sunayen da ta raɗa musu kawai na sani.

Akwai saƙar gizo, farin zare siriri da ke ɗinke ganye da ganye, in ka ɗaga ɗaya biyar su biyo shi. Ita ce babba a wurin Iya. Inda ta gan ta, nan take cewa a ɗiba. Akwai gwaiduwa, rawaya shar, da ke fitowa a jikin itacen da ya jiƙa. Akwai 'yan laima masu siririyar ƙafa, waɗanda ke tsayawa sahu-sahu da asuba kamar masu jiran liman, kafin hantsi sun narke ba ko alama. Su na fi so. Nakan kwanta rub da ciki in sa idona daidai da su, sai in ga tapkin ya zama wata ƙasa mai faɗi, da kasuwarta da rumfunanta, hasken safe yana ratsa laimomin. Sau da yawa sai Iya ta zungure ni da ƙafa kafin in tuna inda nake.

"Miji ke nan," takan ce. "Ana aiki yana kiwon kwaɗi. Wallahi da na san haka kake da ban yarda an ɗaura ba."

"To ki koma gidanku mana."

"Gidanmu? Wa zai ba ka tuwo?"

Akwai kuma kunnen tsohuwa a reshen gawo da ya faɗa ruwa, wanda in na tambaye ta ko nata ne ta yar sai ta ɗaga min tsinke. Da akushin tururuwa, 'yan ƙoƙuna da ba su kai farce ba, kowanne da ƙwayoyi a ciki kamar an zuba abinci an tafi kiran baƙi. Da mai hayaƙi, wanda in ka taka sai ya yi tusar ƙura. Da shuni, da ke bin karan bado. Bakwai ke nan. Ta ce min su ke dafa wa ƙasa ganye, kowa da abin da yake ci, wani ganyen gawo, wani itace, wani abin da ɗan'uwansa ya rage. In sun gama, laka takan yi ƙamshin ruwan farko, ta yi warwar a hannu. A irin wannan laka barkono ba ya ciwo.

Na ji wannan magana shekara da shekaru, kamar yadda ake jin kiran salla daga wani gari. Na iya sunayen, na iya aikin. Amma a raina na ɗauka ƙarfin laka daga ruɓa yake zuwa, kuma duk abin da ya ruɓe taki ne.

Damina ta tafi yadda Iya ta faɗa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Sai garkuna suka fara gangarowa daga arewa, daga tsallaken iyaka, ƙasar da dattawanmu ke kira Faransa, ana kora su kasuwar Maigatari. Shanu ne da za ka ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Da yawa ba sa kaiwa, sukan durƙusa a hanya, makiyayi ya nemi mai wuƙa kafin rai ya fita. Wani mahauci, gajere mai ƙaton ciki da dariya kamar tulu na cika, ya zo ya kafa rumfa kusa da tapkinmu da abokan aikinsa. Suna yanka, suna yanyana naman su shanya, kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe zuwa Gumel. Iya ta je ta same shi tun ranar farko. Ta ce su ɗebi ruwa da tulu su yi wankinsu a rami can bayan gawo, ko wuƙa kada a tsoma a tapki. Ya ce, "An gama, Iya," ya ba ta hanta.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Gagarawa cewa ƙanwata ta haihu, kuma haihuwar ta zo da wahala, ba za a iya kawo ta gida ba. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu, don haka wankan jego ya faɗo kan Iya. Ta sauke duk busasshen barkonon da ya rage mana a gida, ta daka shi da citta da kanumfari ta yi yajin mai jego. Da za ta hau mota ta riƙe hannuna.

"Kwana arba'in zan yi. In ruwa ya ja har saiwar giyayya ta fito, ka shuka. Buta ɗaya. Ɗayar ko kallonta kada ka yi."

"Na ji, amarya. A gaishe da mutanen Gagarawa, kada su riƙe min ke."

Kwana biyu da tafiyarta na bi ta bayan gawo, na ga ramin mahauta ya cika ya tumbatsa. Abin da ake juyewa daga tumbi ne, ciyawa da ganye da dabba ta riga ta niƙa, tsibi guda yana tururi. Na tsaya ina kallo. Mu da muke ba Fulani damin gero don shanunsu su kwana a gonarmu su bar mana kashi, ga taki nan ana rasa inda za a kai shi.

"Kai, manomi," in ji mahaucin, "irin wannan kallo ai sai budurwa."

"Sarkin fawa, wannan zubarwa za ku yi?"

"A'a, miya za mu kaɗa. Zauna a zubo maka."

Na ce masa su daina wahalar ɗibar ruwa da tulu. Su riƙa wanke tumbi da hanji a tapki kai tsaye, su jiƙa fatunsu a ciki, abin da ke ramin ma a tura shi ruwa. Na ce bana laka ta yi ƙaranci, gara a ƙara mata ƙarfi.

Ya daina dariya. "Tsohuwar nan fa ta ce ko wuƙa."

"Tsohuwa tana Gagarawa. Ni ne maigidan, ai da bakinta ka ji."

"To, maigida. Ranar da ta dawo ni dai ina Maigatari."

Ni da kaina na ɗauki kwando na taya su turawa.

Da farko ruwan kyau ya ƙara. Ya yi kore shar kamar an shimfiɗa sabon zane, har nakan zauna da la'asar ina kallonsa ina ganin barkono a ido, ja wur, fangali bayan fangali, da masu lambu sun yi layi tun daga Ɗanzomo. Sai 'yan kumfa suka fara tasowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, suna fashewa ba ƙara. Sai na lura 'ya'yan kwaɗi sun taru a gefe suna haki a saman ruwa, bayan kwana biyu babu su. Koren ya dushe ya koma ruwan toka, daga nan ya koma baƙi. Wari ya tashi irin na ƙwan da kaza ta gudu ta bari. Mata suka daina zuwa wanki. Ni kuwa na ce wa kaina taki ma ai wari yake yi.

Da saiwar giyayya ta fito na shiga ɗibar laka. Baƙa ƙirin, mai santsi, tana manne wa hannu kamar man kaɗe. Na sa tsinke na ɗaga ganye yadda Iya ke yi. Ganyen bai ruɓe ba, ya dai yi baƙi ya yi yauƙi. A kansa, da kan rassa, da kan saiwar, akwai wani abu toka-toka mai gashi, kamar jikin jaki da ruwa ya doka. Ko'ina shi ne. Ban taɓa ganinsa ba, amma na yi murna. Na ce mutanen laka sun ƙoshi har sun yi gashi. Ban tsaya na tambayi kaina ina sauran suke ba.

Na yi fangali shida, na yafa buta guda, na rufe da ciyawa. Kwana takwas iri ya fito, kuma ban taɓa ganin fitowa irin wannan ba, cunkus, kore har da sheƙi. Na kira mahaucin ya gani. Ya ce, "Lallai maigida ya iya." Kwana huɗu bayan haka na zo da safe na tarar da tsakiyar fangali ɗaya ya kwanta. Ba bushewa ya yi ba. Ganyen na nan kore, amma wuyan kowane tsiro, daidai inda ya taɓa ƙasa, ya tsuke ya yi ruwa kamar an murza zare. Washegari kwanciyar ta faɗaɗa kamar tabon mai a riga. Kafin Juma'a duk shidan sun tafi.

Na ce rana ce. Shekarar ai kowa rana yake zargi, kuma ba a yi mata ƙarya ba a sauran abubuwa. Na shiga ɗakin Iya na daɗe tsaye a gaban butar ajiya. Abin da na gaya wa kaina shi ne, in na yi rumfa wannan karon, ta dawo ta tarar da shuka a tsaye, ba sai ta san an yi ta farko ba. Na zare tsumman. Toka ta tashi ta shiga min hanci.

Na yi sabbin fangali shida da lakar nan dai, har na zaɓo wadda ta fi baƙi. Na kafa musu rumfar kara. Suka fito kamar na farko.

Iya ta dawo ranar da shuka ta biyu ta fara kwanciya. Ban je tarbarta ba, ina bakin tapki. Daga baya aka gaya min tun a bakin hanya ta tsaya ta ɗaga hanci, ta ajiye ƙunshinta a wurin ta nufo mu. Mahaucin ya cika alkawarinsa, tun asuba ya tafi Maigatari. Ta wuce ni. Ta karya tsinke ta shiga laka har idon sawu, tsohuwar da ta haura saba'in, tana tafe tana tsugunawa. Ta ɗaga ganye, ta ajiye. Ta juya reshe, ta ajiye. Ta kewaye tapkin kaf, ina biye da ita daga tudu, rana tana hawa. A gindin gawo, inda kunnen tsohuwa ya saba fitowa, ta fi daɗewa.

"Ba kowa," ta ce. Ba da ni take ba.

Sannan ta zo kan fangali, ta ciri tsiro ɗaya ta duba wuyansa.

"Wannan shukar ba ta kai kwana goma sha biyar ba. Saiwar giyayya ta fi wata da fitowa."

Ta yar da tsiron ta juyo ta dube ni.

"Ɗan nan, ina butar ajiya?"

Ban taɓa jin ta kira ni haka ba. Na gaya mata komai, tun daga ramin bayan gawo. Na ce na ɗauka taki ne.

"Taki ne mana," ta ce. "A gona. Gona tana shan iska. Su waɗannan a ƙarƙashin ruwa suke, ɗan numfashin da suke samu kaɗan ne, ka zo ka juye musu abincin gari guda a ka. Wanda ya iya zama cikin ƙazanta ya zauna, shi ne wannan mai gashin. Shi kuwa ba ya dafa komai. Da masu tsare shuka suka tafi, wa zai hana ciwo?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa na cire waɗanda ba su kwanta ba muka mayar cikin yashi mai tsabta, amma ciwon ya riga ya shiga. Kwana uku suka bi 'yan'uwansu.

Ba ta zauna ba. Ta ce ɗan tapki ya shiga gidaje da yawa, ba za a rasa ƙwaya ɗaya a wani wuri ba. Na ɗaura wa jaki akumari, tana kai ina ja, muka bi duk waɗanda suka taɓa sayen dashe a hannunmu. Amma shekarar yunwa ce. Mutane suna dama dusa su zuba yaji don ta wuce maƙogwaro, kowa ya dake nasa tuntuni. Masu lambu kuwa ba sa ajiye iri, don sun saba Iya na nan. A Ɗanzomo muka sami wata ƙawarta ta ƙuruciya, ta shiga madafa ta daɗe tana lalube, ta fito da barkono biyar a zare. Sun shekara biyu rataye a saman murhu, hayaƙi ya mai da su baƙi.

"Ke ma kin san wuta ta taɓa su," in ji matar.

"Na sani. Ba ni dai."

Laka kuma muka samo ta a wani ɗan kududdufi a hanyar Gumel, wanda dabbobi ba su cika zuwa ba saboda ƙaya. Iya ta ɗaga ganye ta ga saƙar gizo, fara tas. Na ji ta ce, "Sannunku. Ashe kuna nan." Muka cika mangala muka dawo.

A kasko muka shuka, a tsakar gida, ƙwaya ɗaya-ɗaya. Kullum da safe nakan yayyafa ruwa da tafin hannu in tsuguna. Wani lokaci in na daɗe ina kallo sai in ga kamar ƙasar tana motsi, kamar wani abu yana turo ta daga ciki, in kira Iya, ta zo ta duba ta koma. Rana ta goma sha biyu tsiro ɗaya ya fito. Na yi masa shinge da tsinke saboda kaji. Na riƙa juya kaskon yana bin inuwa. Iya takan zauna a kan turmi tana kallona. Sai da ya yi ganye shida na yarda da abin da idona ke gaya min. Ba barkono ba ne, gautan kaji ne, ƙwayarsa ta biyo laka.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ran da ya fito."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ga kana ba shi ruwa da kyau. Na ce bari ka koya."

Da rani ya yi tapkin ya bushe ƙaƙas, na shiga da fartanya da kwando na kankare baƙar lakar nan, ni kaɗai, wata biyu ina yi. Na kai ta gona na watsa. Da damina ta dawo, geron da ya fito a wurin ya fi na kowa tsawo a ƙauyen, mutane suna tsayawa suna tambayata sirrin. Ban ji daɗin ko zangarniya ɗaya ba.

Muka sayo irin barkono a kasuwar Maigatari muka ci gaba da sana'a. Yana fitowa, yana ja, yana da zafi. Iya ba ta taɓa kushe shi ba, sai dai ta daina sa barkono a miyarta. Kowace shekara in ruwa ya ja mukan fita da tsinke mu biyu. A shekara ta biyu saƙar gizo ta dawo a gefen gabas, ɗan tafin hannu. A ta uku 'yan laima suka fito, na kwanta rub da ciki da girmana na dube su, ba ta zungure ni ba. Shuni ya dawo shekarar da ta rasu, bayan an yi arba'in ɗinta, don haka ni kaɗai na gan shi.

Har yanzu ina dubawa duk shekara. Abin da ya tafi a hannuna shi ne fangali goma sha biyu, da iri buta biyu, da barkono biyar na matar Ɗanzomo. Ɗan tapki bai sake fitowa a ko'ina ba. Cikin mutanen laka bakwai, uku sun dawo. Gwaiduwa, da kunnen tsohuwa, da akushin tururuwa, da mai hayaƙi, su huɗu ba su dawo ba.